Wasiƙa daga Kef Tawun: lambun da ya cinye ƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Baba da Inna, da dukkan mutanen gida,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya ƙafar Inna? Damina ta zauna kuwa, an gama shuka? Mu nan Afirka ta Kudu muna tsakiyar hunturu, don lokacinsu a juye yake da namu. Yuni da Yuli su ne watannin sanyi, kuma a cikin sanyin ake ruwan sama, ga iska mai ratsa ƙashi. Baƙi sun ragu, aikin tuƙi ya ja baya, shi ya sa na samu sararin zama in rubuta doguwar takarda. Auta ta karanta muku a hankali bayan sallar isha'i.

Baba, ranar da muka yi waya kun tambaye ni wani abu, kati ya ƙare ban ba ku amsa ba. Kun ce ta yaya Musulunci ya kai can ƙarshen ƙasa, inda ayarin fatake bai taɓa zuwa ba, kuma su wa suka kai shi. Amsar ita ce Turawan Holan ne suka kai shi, a ɗaure cikin mari, ba da son ransu ba. Amma kafin in kai nan sai na fara daga abin da ya kawo su kansu, don garin nan ba ya fahimtuwa sai da wannan. Aikina na ɗaukar masu yawon buɗe ido ya sa kullum ina jin masu yi musu bayani suna ba da labarin, rabi a buɗe rabi a rufe. Ragowar na ji shi a bakin dattawan masallaci da kuma gidajen tarihi.

A 1602 'yan kasuwar Holan suka haɗa jari suka kafa wani kamfani da ake taƙaita sunansa VOC. Gwamnatinsu ta ba shi ikon da ko wasu sarakuna ba su da shi: ya ɗauki soja, ya yi yaƙi, ya ƙulla amana da sarakuna, ya buga kuɗi, ya yanke hukuncin kisa. Abin da yake nema kuwa duk yana cikin ƙwaryar yajin Inna: kanumfari, masoro, kirfa, gyaɗar ƙamshi. A Turai ta wancan zamani waɗannan sun yi tsadar da ake kashe rai a kansu. Tushensu tsibiran Indonesiya ne da Siri Lanka da gaɓar Indiya, hedikwatar kamfanin a gabas kuma tana Batabiya, wato Jakarta ta yau. Ba a buɗe mashigin Suwez ba sai 1869, saboda haka dole jirgi ya zagaye Afirka gaba ɗaya, tafiyar kusan wata takwas. Matuƙa na mutuwa a hanya da wani ciwo da ke ruɓar da dasashi har haƙora su zube, saboda rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace.

Shi ne kamfani ya ce a kafa zango a tsakiyar hanya. Ranar 6 ga Afrilu 1652 wani ma'aikacinsa, Jan van Riebeeck, ya sauka a gindin Dutsen Tebur da jirage uku da mutum kimanin 90. Umarnin da aka ba shi ƙarami ne: ya gina sansani, ya yi lambu, ya sayi shanu da tumaki wurin mutanen ƙasa, ya tanadi ruwan sha ga jirage. Ba a aiko shi kafa ƙasa ba. Shi kansa bai ɗauki wurin mazauni ba, neman ƙarin girma ya yi ta yi har aka mayar da shi gabas a 1662, kuma a Batabiya ya mutu. Lambun yana nan har yau a tsakiyar gari, kusa da majalisar dokoki. Akwai wata tsohuwar bishiya a ciki tun ta wancan zamani, an tokare ta da ƙarafa don kada ta faɗi.

Mutanen da ya tarar makiyaya ne, ana kiransu Khoikhoi. Suna da shanu da tumaki masu yawa, suna bin ciyawa daga wuri zuwa wuri gwargwadon lokacin shekara. Sun saba ganin jiragen Turawa tun fiye da shekara ɗari da hamsin kafin nan: a zo, a yi musayar dabba da tagulla da taba da duwatsun ado, a wuce. A wurinsu baƙo raɓa ne. Wannan karon raɓar ba ta bushe ba. Makiyayi kuma, kun fi ni sani, ba ya sayar da uwar garke komai kuɗin da aka ba shi, jirage kuwa nama suke so ba iyaka. Sai a 1657 kamfani ya sallami mutum tara daga cikin ma'aikatansa, ya yanka musu gonaki a bakin wani rafi mai suna Liesbeek, su noma su sayar masa. Ina tsallaka rafin nan kusan kullum, ƙarami ne ƙwarai. Amma a bakinsa ne makiyaya suka dawo da dabbobinsu suka tarar an nome makiyaya, an toshe burtali, an hana su mashaya.

Yaƙi ya tashi a 1659. Jagoransa wani ne mai suna Doman, wanda Turawan suka taɓa kai shi Batabiya don ya koyi tafinta. Ya ga abin da suka yi wa mutanen can, ya kuma lura bindigarsu ba ta tashi idan albarushi ya jiƙe, saboda haka sai ana ruwa yake kai hari. Duk da haka ba su yi nasara ba. Da aka zauna sulhu a 1660, shugabannin makiyayan suka tambayi Van Riebeeck: da su ne suka je Holan suka yi haka, za a ƙyale su? Ya ce musu ƙasar an ci ta da takobi, kuma ba za a mayar ba. Shi da kansa ya sa aka rubuta wannan a littafin ajiyar labaransa na kullum. A shekarar ya dasa shingen itatuwa don raba gonakin Turawa da dabbobin masu ƙasa. Wani yanki na shingen yana raye a lambun Kirstenbosch. Na tsaya a gabansa na daɗe, Baba, don a ganina duk abin da ya faru a ƙasar nan daga baya, a gindin shingen nan ya tsiro.

Abin da bindiga ta rage, agana ta ƙarasa. A 1713 cutar ta shigo ta kayan wankin wani jirgi, ta yi wa Khoikhoi kisan da ba su sake miƙewa ba. Waɗanda suka tsira yawancinsu suka koma barori a gonakin da aka yanka daga makiyayar kakanninsu.

Kamfani ya hana a bautar da Khoikhoi, ba don tausayi ba, don yana bukatar shanunsu. Gona kuwa tana son hannu. Sai aka koma sayo bayi daga waje. Jirage biyu na farko sun iso a 1658. Na ɗaya ya ƙwato mutanen Angola ne daga wani jirgin Fotugal, yawancinsu yara. Na biyu daga Popo ya taso, a gaɓar ƙasar Benin ta yau, wato maƙwabtanmu. Daga nan aka juya gabas: Madagaska, Mozambik, Bengal da kudancin Indiya, Siri Lanka, tsibiran Indonesiya. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum kimanin 60,000 aka shigo da su kafin a hana cinikin a farkon ƙarni na 19, kuma a mafi yawan ƙarni na 18 bayi sun fi Turawa 'yantattu yawa. Su suka yi aikin gonakin inabi da alkama, su ne magina, kafintoci, teloli, masunta, masu dafa abinci, masu renon 'ya'yan iyayengiji.

Akwai gidan da kamfani ya gina a 1679 don ajiye bayinsa, a bakin lambun, daura da babbar majami'arsu. Daga baya ya zama ofisoshin gwamnati har da babbar kotu, yanzu gidan tarihi ne. A bayansa, a tsakiyar titi, akwai wata 'yar alama a ƙasa inda bishiyar da ake gwanjon mutane a ƙarƙashinta take. Motoci na wucewa ta gefe da gefe, mutum zai iya taka ta bai sani ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne sunaye. Idan aka sauke mutum sai a shafe sunan da ubansa ya raɗa masa, a kira shi da watan da aka saye shi ko ƙasar da aka ɗauko shi. Har yanzu akwai iyalai masu yawa a nan da sunan gidansu Janairu, Fabrairu, Afrilu, Satumba, Oktoba. Wani abokin aikina sunan gidansu ke nan, ɗaya daga cikin watannin nan. Ya ce mini iyakar abin da ya sani na asalinsa shi ne watan da aka sayar da kakansa. Mu da muke iya ƙirga kakanni har bakwai, mu gode wa Allah.

To, Baba, ga amsar tambayarku. Ban da bayi, kamfani ya mayar da wurin nan wajen jefar da duk wanda ya gagare shi a gabas: sarakuna, 'ya'yan sarakuna, malamai. Mafi girma a cikinsu shi ne Shehu Yusuf na Makasar, daga tsibirin Sulawesi. An haife shi a 1626, ya yi karatu a Yaman da Makka da Madina da Dimashƙu, ya zama babban shehin ɗariƙar Halwatiyya. Ya tsaya wa Sarkin Banten a yaƙinsa da kamfani, aka kama shi, aka kai shi Siri Lanka. A can ma alhazai masu wucewa suna tsayawa wurinsa suna ɗaukar saƙonsa zuwa gida, sai aka ga gara a kai shi inda ba mai isa. A 1694 aka sauke shi a nan yana da kusan shekara 68, tare da mutum 49 na iyalinsa da almajiransa, aka ajiye su a wata gona mai suna Zandvliet, nesa da gari, cikin tuddan rairayi a bakin teku, don kada ya haɗu da kowa. Bayi masu gudu suka gano wurin, suka riƙa zuwa. Ya rasu a 1699, shekara 55 kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Unguwar yanzu sunanta Macassar, hubbarensa yana kan tudu da ƙubba. Na je ziyara, na sa ku cikin addu'a.

Dokar kamfani ta hana yin wani addini a fili in ba na majami'arsu ba. Fiye da shekara ɗari Musulmin nan suka yi ba masallaci, suna haɗuwa a ɗakuna da dare. Amma dokar ta yi wa masu ita wani tarko. A 1770 aka ce bawan da aka yi wa baftisma ba a sayar da shi, sai iyayengiji suka daina kai bayinsu majami'a don kada dukiyarsu ta maƙale. Doka ba ta san auren bawa ba, in ya mutu ba mai kula da yadda aka binne shi. Limaman Musulmi kuwa suna ɗaura masa aure, su raɗa wa ɗansa suna, su yi masa wanka da salla in ya cika. Mutumin da aka mayar da shi kaya ya samu wurin da ake kiransa ɗan'uwa. Haka aka yi ta shiga addinin.

Sai mutum na biyu, wanda na san labarinsa zai fi yi muku daɗi. Sunansa Imam Abdullahi ɗan Alƙali Abdussalam, amma kowa a nan Tuan Guru yake ce masa. Ɗan gidan sarautar Tidore ne, ɗaya daga cikin tsibiran kanumfari. An zarge shi da haɗa kai da Ingilishi a kan kamfani, aka kawo shi a 1780, aka kulle shi a tsibirin Robben, wanda aka tsare Mandela a kansa kusan shekara ɗari biyu bayan haka. Ya yi shekaru a can. Babu Alƙur'ani a hannunsa, sai ya zauna ya rubuta shi da ka, kuma ba kofi ɗaya ba. Ya kuma rubuta littafin tauhidi da fiƙihu wanda aka daɗe ana karantar da shi. Da aka sake shi ya buɗe makaranta a titin Dorp a 1793, yana karantar da 'ya'yan bayi da 'yantattu a tabarma ɗaya. Da aka hana su wurin Juma'a, ya ja su salla a wani ramin fasa duwatsu a gefen gari. Masallacin da ya fito daga makarantar nan, Masallacin Auwal, ana ƙirga kafuwarsa daga 1794, kuma shi ne na farko a duk Afirka ta Kudu. Filin na gidan wani 'yantaccen bawa ne ɗan asalin Siri Lanka. Ba a ba da 'yancin addini a hukumance ba sai 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Tuan Guru ya rasu a 1807.

A nan nake yawan yin Juma'a idan aiki ya bari. Ɗan ƙaramin masallaci ne a unguwar Bo-Kaap, a jikin tudu, inda gidaje ke da fenti kala-kala. Ɗaya daga cikin Alƙur'anan da ya rubuta yana ciki, a akwatin gilashi. An tsince shi ne a saman rufi lokacin gyaran masallacin a shekarun 1980, takardu a warwatse, aka jera su. Baba, da kun ga hannun, da kun san na wanda ya sha tawada ne. Mutanen Shafi'awa ne, suna bayyana bisimilla a salla, suna ɗaga hannu a yi ƙunuti a bayyane da asuba. Daren Juma'a suna taruwa a gidaje su yi zikiri da wata murya mai taushi da ban taɓa jin irinta ba. Lokacin Mauludi mata kan zauna su yayyanka ganyen lemo, a turara shi, a ƙulla a 'yan takardu a raba wa jama'a. Ganin wata kuwa da ido suke yi, dattawa su taru a bakin teku bayan magariba. A daren sha biyar ga azumi kowane gida sai an dama wani kunun madara da taliya siriri, maƙwabta suka aiko mini har ɗaki. Inna ta kwantar da hankalinta, ban rasa mutane ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai na rubuta da hannu, waya ba za ta ɗauka ba. Mutanen nan da aka tattaro daga ƙasashe barkatai ba su jin harshen juna. A madafi da gona da bakin jirgi, harshen Holan na iyayengiji ya gauraya da Malayanci da wani Fotugisanci na matuƙa jirgi da harshen Khoikhoi, ya sauƙaƙa, ya zama wani abu dabam. Shi ne Afirkans. Turawan suna magana da shi a gida amma suna raina shi, suna ce masa yaren madafi, karatu da majami'a da kotu sai da harshen Holan na asali. Waɗanda suka fara ɗaukarsa da daraja har suka rubuta littattafai da shi, malaman makarantun Bo-Kaap ne. Da haruffan Larabci suka rubuta, Baba, kamar yadda kuke rubuta Hausa da ajami, da wasali cikakke, da ƙarin ɗigo a kan wasu baƙaƙe don sautin da Larabci ba shi da shi. Wani dattijo ya nuna mini na kakansa, a naɗe cikin ƙyalle. Na iya haɗa baƙin, na furta, ban san me nake cewa ba, shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana gane kowace kalma. Hukuncin alwala ne ashe.

Daular Usmaniyya ta aiko musu da wani malami, Abubakar Afandi, a farkon shekarun 1860, don ya sasanta saɓanin da ke tsakaninsu. Ya koyi harshen, ya rubuta littafin fiƙihu mai suna Bayanud Din da wannan ajami, aka buga shi a Santambul a 1877. Ku auna da wannan: Afirkans bai zama harshen hukuma ba sai 1925, kuma ba a fitar da cikakken Baibul da shi ba sai 1933. Wani masani ɗan unguwar, Achmat Davids, ya nuna cewa da yake malaman nan da kunne suke rubutu, takardunsu ne suka adana yadda ake furta harshen a wancan zamani.

Abin baƙin ciki shi ne yadda harshen nan ya juya. Ingilishi sun karɓe wurin a 1795, suka mayar na ɗan lokaci, suka sake karɓewa a 1806, kamfanin kuma ya riga ya karye da bashi da cin hanci. Mulkin Holan ya ƙare, mutanensu ba su tafi ba. Jikokin manoman nan, waɗanda suka gauraya da Jamusawa da Faransawan da suka gudo a 1688, ba su da wata ƙasa kuma sai wannan. Su ne Buwa. Da Ingilishi suka soke bauta a 1834, dubban Buwa suka ɗaura wa shanu amalanke suka nausa arewa, suka yi ta yaƙi da Zulu da Ndebele da Basotho, suka kafa ƙasashensu biyu. Jikokinsu ne suka ci zaɓe a 1948 suka kafa mulkin wariyar launin fata, majami'arsu kuma ta daɗe tana nema masa hujja. Suka ɗauki harshen da aka haifa a bakin bayi suka ce na farar fata ne tsantsa. A 1966 aka ce unguwar District Six, mai cike da Musulmi, ta farare ce, aka rushe ta, aka kwashe mutum fiye da 60,000 aka zubar a filin rairayi bayan gari. Masallatai da majami'u kaɗai aka bari a tsaye. A ranar 16 ga Yuni 1976 yaran Soweto suka fito don an ce dole a koyar da su da Afirkans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Saboda haka akwai baƙar fata da yawa da har gobe ba sa son jin sautinsa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma fiye da rabin waɗanda suka sha shi a nono ba farare ba ne. Da shi aka ba da umarnin rushe gidajen mutane, da shi kuma limamin unguwar ke yi wa waɗanda aka rushe wa gidan wa'azi.

A wurin aiki nake ganin sauran gadon. Mafi yawan baƙi gonakin inabi suke so a kai su, wajen Stellenbosch, garin da gwamna Simon van der Stel ya kafa a 1679, da Constantia, gonarsa ta 1685. Kada hankalinku ya tashi, ni tuƙi ne nawa, in na sauke su sai in nemi inuwa in yi azahar. Wuraren suna da kyau, ba zan ɓoye ba: farin gini mai kaurin bango, rufin ciyawa, goshi mai lanƙwasa da ado, manyan itatuwa a jere, duwatsu a baya. Har yau masu kuɗi irin wannan gini suke kwaikwaya. Sai dai a harabar da yawa daga cikinsu akwai wata 'yar hasumiya da ƙararrawa a rataye. Baƙi suna tsayawa a ƙarƙashinta su ɗauki hoto. Ita ake kaɗawa a tashi bayi da asuba. Masu bayani kan faɗi sunan maigidan da shekarar ginin, da wuya ka ji an ambaci wanda ya ɗora tubalin.

Ma'aikatan da ke tsinkar inabin yanzu, da yawansu jikokin bayin nan ne da Khoikhoi, a 'yan ɗakuna a bayan gona. Tun zamanin kamfani aka saba biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya, safe da rana da yamma. An haramta wannan a 1960 amma bai mutu ba sai wajen shekarun 1990, kuma ya bar ɓarna: yankin nan yana cikin wuraren da aka fi haihuwar yara da lahanin giyar da uwa ta sha a duk duniya. Wani binciken gwamnati na 2017 ya nuna kashi 72 cikin 100 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na farare ne, alhali ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba. Ba na cewa kowane Bature mai gona azzalumi ne. Na yi hulɗa da na kirki a cikinsu, masu riƙon alkawari da son aiki. Amma wanda ya ce abin da ya faru shekara ɗari uku da suka wuce ya wuce, to bai taɓa bin hanyar filin jirgin sama ya ga ɗakunan kwano na Khayelitsha da Nyanga ba, sannan bayan rabin awa ya tsinci kansa a Constantia. Hatta shari'arsu ta dukiya da ciniki da gado, tushenta dokar Rum da Holan ce da kamfani ya zo da ita. Ita ake bi a Namibiya da Zimbabuwe da Botsuwana da Lesoto, alhali Holan ɗin kanta ta sauya tata tun farkon ƙarni na 19.

Inna, ku ma labarin nan ya shigo har cikin adakarku. Atamfar nan 'yar Holan da ake sa wa a lefe, asalin zanenta na mutanen Jawa ne a Indonesiya, waɗanda ke ɗiga kaki a kan yadi da hannu kafin su rina. 'Yan Holan suka so su yi ta da inji su sayar musu da araha, mutanen Jawa suka ga tsage-tsagen da kakin ke bari suka ce ba su so. Sai aka kawo ta gaɓar Gana a ƙarshen ƙarni na 19, matan can suka ce tsagen nan shi ne kyanta. Kamfanin Vlisco yana buga ta har yau a wani gari mai suna Helmond. A Gana ɗin ma 'yan Holan sun riƙe ganuwar Elmina daga 1637 har 1872, kuma ta ƙofarta aka fitar da mutane masu ɗimbin yawa zuwa Amurka.

A Disamba 2022 firaministan Holan ya nemi gafara a kan bautar da ƙasarsa ta yi, sarkinsu ma ya nema a Yuli 2023. Da sarkin ya zo nan a Oktoban shekarar ya shiga gidan bayin da na ba ku labari, jikokin Khoikhoi suka tare shi a ƙofa da zanga-zanga. Neman gafara abu ne mai kyau, na yaba. Su kuwa maganar ƙasa suke yi, kuma a kan wannan ba a ba su amsa ba. Mutanen Bo-Kaap ma nasu ya dame su: unguwar ta yi farin jini, masu kuɗi daga waje suna saye, harajin gida yana hawa, iyalan da suka yi shekara ɗari biyu a titi ɗaya suna tashi.

Ina da roƙo ɗaya. Takardun marigayi Kaka da ke cikin tsohon akwatin ƙarfe a zaure, waƙoƙin wa'azi da wasiƙun ajami, don Allah Yaya ya fito da su kafin damina ta yi nisa, ya duba ko gara ko laima ta taɓa su. A shanya su a inuwa, kada a kai rana. Ya ɗauki hoton kowane shafi da waya ya turo mini, sannan a saya musu sabuwar gafaka. Na sa kuɗin wannan dabam a cikin saƙon da na aika ta hannun Kawu, sauran na taki ne da maganin Inna da kuɗin makarantar Auta. Dattijon da ya nuna mini littafin kakansa ya ce yana so ya ga irin namu, na kuma yi masa alkawari.

A gaida Gwaggo da mutanen gidanta, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni. Inna, in an samu mai zuwa a aiko mini da kuka da daddawa, amma ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo. Baba, a ci gaba da sa ni a addu'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ɗanku